Wanda Ya Ci Biyar da Nema

Ƙarfe tara na safiyar Talata aka ajiye wa Sufeto fayil a kan tebur. An sace na'urar wasan gem a wani gidan bene mai hawa biyu, kuma an riga an kama wanda ake zargi, ya kwana a bayan kanta.

Sufeto ya taɓe baki. Shi a ganinsa duk wanda ya haura shekara ashirin yana danna gem, to bai sami abin yi ba ne. Saje, wadda ke tsaye a gefensa, ta ce ai gem ɗin ba laifi, na'urar ce ɓarnar kuɗi, kwamfuta mai kyau ta fi ta komai. Ya ce bai tambaye ta ba. Ya sa a kawo masa mutumin.

Wanda aka shigo da shi ya kai shekara arba'in da biyar, sanye da rigar kamfanin intanet da ta yamutse. Injiniya ake ce masa. Shekara goma sha huɗu yana shiga gidajen mutane yana ja musu waya, ba a taɓa cewa ko cokali ya ɓata a bayansa ba. Yanzu manajansu ya aiko cewa in aka tashi aiki yau sunansa bai wanku ba, takardar kora na jiransa, kuma wanda aka kora da sunan sata ba kamfanin da zai sake ba shi tsani ya hau.

"Me ya kai ka gidan?" in ji Sufeto.

"Ƙorafi suka yi, yallaɓai, wai intanet na yankewa. Na canja musu waya."

"Su wa ka tarar?"

"Wani tsohon hedimasta da 'yarsa. Ƙarfe goma sha ɗaya ta tafi da shi asibiti, ta ce in na gama in kulle in ba Ciyaman makulli."

"Ka ba shi?"

"Sha ɗaya da rabi, hannu da hannu. Na'urar tana ƙarƙashin talabijin na fita."

Sufeto ya duba fayil. Ciyaman, wato shugaban masu hayar gidan, ya rubuta cewa sai sha biyu da rabi aka ba shi makullin, kuma ya ga jakar Injiniya ta yi wani irin kumburi. Awa guda ce tsakanin maganganun biyu, ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi.

Falon Hedimasta yana hawa na ƙasa. Tsohon na zaune a kujera yana kallon wurin da na'urar take da, inda ƙura ta bar shatin murabba'i. Hannunsa na dama yana kan cinya, yatsun a ɗan lanƙwashe. 'Yarsa, wadda kowa a gidan ke kira Nas, ta yi bayani: bara ya sami shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce ya riƙa motsa yatsu, shi ne yayanta da ke aiki a wani gari ya sayo masa na'urar. Kullum bayan la'asar uba da ɗa suna buga ƙwallo ta intanet, kullum ɗan yana lallasa uban, uban kuma yana cewa alƙalin wasan ne ba ya sonsa.

Sufeto ya zagaya falon. Kwamfutar Nas tana kan tebur, ba a taɓa ta ba. Wayoyin na'urar an zare su ɗaya bayan ɗaya, ba fizga aka yi ba. A kan kujera kuma ga abin dannawa guda ɗaya, wanda 'yan gem ke kira hannu.

"Guda nawa ne?"

"Biyu, iri ɗaya sak," in ji Nas.

"Ɓarawo ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya?"

Saje ta ɗauka ta latsa maɓallan. Ta ce wannan maɓallin buga ƙwallonsa yana maƙalewa, sai an danna sau biyu. Hedimasta ya ce ƙwarai, shi ya sa ba ya amfani da shi. Sufeto ya tambayi Nas ko Injiniya ya taɓa ganin ana wasan, ta ce jiya ne zuwansa na farko, na'urar ma a kashe take. Sufeto ya rubuta a ɗan littafinsa cewa ɓarawon ya san mai kyau daga mara kyau ba tare da ya gwada ba.

Ana cikin haka sai ga Ciyaman ya shigo ba a kira shi ba, irin mutanen nan da ke jin ƙamshin taro tun daga saman bene. Dattijo ne mai furfura a gefe, da tabarau rataye a wuya. Ya gaida Sufeto, nan take ya buɗe laccar da duk gidan sun haddace: gem lalacewa ce, tana cinye ƙwaƙwalwa da wutar lantarki, shi da kansa ya manna takarda a matakala yana hana ihun ƙwallo da rana. Ma'aikatan intanet kuwa, ai tun daga kamfaninsu ake koya musu cuta, su sayar maka gudun jirgi su kawo maka tafiyar kunkuru.

"Kana shigowa nan?" Sufeto ya katse shi.

"Kullum, don in yi wa Hedimasta nasiha."

"Nasihar awa biyu," in ji Nas a hankali. "Yana yi yana cewa, Baba ba shi ta hagu, ta hagu."

Ciyaman ya ce wannan tausayi ne kawai, ba ya son ganin ana cin dattijo. Ya maimaita maganar jakar Injiniya, ya ƙara mata kumburi a kan na jiya, sannan ya hau sama wai kansa na ciwo.

Nas ta ce abu ɗaya dai Ciyaman ya faɗi gaskiya, kamfanin nan na banza ne. Tun jiya da rana intanet ɗin yake rarrafe, ya fi kafin gyara lalacewa, ko hoto ba ya buɗewa. Tana rufe baki wayar Hedimasta ta yi ƙara. Ɗansa ne, wanda aka ɓoye wa maganar satar don kada hankalinsa ya tashi. Tsohon ya sa a sifika saboda hannunsa.

"Baba, barka da arziƙi! Jiya me ka ci ne? Biyar da nema ka yi min, kuma ko magana ka ƙi yi, ka kashe makirfo. Na kira Nas in yi mata albishir hannu ya warke, ba ta ɗauka ba."

Sufeto ya karɓi wayar ya gabatar da kansa, ya tambayi lokacin wasan. Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin jiya. A lokacin Injiniya yana zaune a benci a caji ofis, an karɓe masa waya da bel da takalmi, Nas kuma tana can tana rubuta bayani.

Sufeto ya aika mota a kawo Injiniya. Saje ta ce wannan ai ya wanke shi. Sufeto ya ce bai wanke shi ba, manaja zai ce ya miƙa wa abokin sata ne. Sai na'urar ta fito a hannun wani.

Da aka kawo Injiniya, aka gaya masa ƙorafin Nas, sai gajiyar fuskarsa ta koma fushin mai sana'a. Ya ce wayar da ya ja ba ta da aibi, a ba shi kwamfuta. Ya shiga shafin ɗan akwatin intanet ɗin da ke maƙale a bango, ya buɗo jerin duk abin da ke jone da shi. Wayoyi goma sha ɗaya ne, don Hedimasta ya raba wa duk gidan lambar sirri kamar sadaka. A ƙasan jerin ya ɗora yatsa.

"Ga ta nan, yallaɓai. Na'urar ce."

"Yanzu haka?"

"Yanzu haka. Ta haddace lambar sirrin gidan nan, duk wanda ya kunna ta a kusa, da kanta za ta jona, ba ta neman izini. Tun jiya take sauke sabuwar manhaja, ita ce ta shanye musu intanet."

"Kusa kamar ina?"

"Ba ta bar ginin nan ba."

Ɗakuna shida ne a ginin. Neman takardar bincike a kansu duka zai kai gobe, gobe kuwa ba ta da amfani ga Injiniya. Sufeto ya duba agogo, ƙarfe biyu saura. Ya tambayi Saje abin da ya fi ƙona ran ɗan gem a duniya. Ba ta ko yi tunani ba ta ce, ya kusa cin wasa intanet ta yanke.

Sai Sufeto ya fita tsakar gida ya ɗaga murya yadda har na sama zai ji, ya gode wa kowa, ya ce bincike ya ƙare, gobe za a kai Injiniya kotu. Aka tura Injiniya mota, aka tafi da jiniya da komai. A bayan layi suka sauka, suka dawo ta ƙofar baya ɗaya bayan ɗaya, Nas ta shigar da su falo ta ja labule.

Ƙarfe huɗu ɗan Hedimasta ya aika gayyatar ramuwa, kamar yadda Sufeto ya umarce shi. Minti uku ba amsa. Injiniya ya haɗa gumi. A na huɗu aka karɓa.

Ɗan yana ba su labari ta waya da murya ƙasa ƙasa. An ci shi ɗaya. Ya rama. Ya sake ramawa. An farke. Ya ce wallahi mutumin nan ya iya, duk harinsa ta hagu yake kawowa. Hedimasta ya rufe ido da ya ji haka, abin ya yi masa ciwo, don ya gane. A minti na tamanin da tara na agogon gem, ɗan ya yi ƙeta da gangan a cikin da'ira, aka ba da fenariti.

"Ya ajiye ƙwallo. Yana ja da baya."

Sufeto ya kalli Injiniya. Injiniya ya miƙa hannu ya zare wayar akwatin daga bango.

Ihun da ya taso daga hawa na biyu har kwanukan kicin sai da suka amsa. Aka ji an banko ƙofa, takalmi na dukan matakala, murya tana tsine wa kamfanin intanet da manajansa da wanda ya ja wayar. Sufeto ya buɗe ƙofar falo a natse. Ga Ciyaman a tsakiyar matakala, daidai ƙarƙashin takardar da ya manna ta hana ihu, daga shi sai singileti, hannun gem na riƙe a hannunsa na dama.

"Kan ya yi sauƙi, Ciyaman?"

Ya kalli Sufeto, ya kalli abin da ke hannunsa, ya nemi ɓoye shi a baya. Saje ta wuce shi ta hau sama, ta sauko rungume da na'urar, da ɗuminta.

A kan matakalar ya zauna ya faɗi komai. Wata takwas yana kallon Hedimasta yana zubar da ƙwallayen da shi ya san zai ci, yatsunsa na ƙaiƙayi, amma bakinsa ya riga ya zagi abin a gaban kowa, girma ya hana shi roƙo. Da makulli ya shigo hannunsa ya ce bari ya ɗana na kwana ɗaya ya mayar. Da Nas ta kira 'yan sanda sai tsoro ya kama shi, ya laƙa wa wanda ya fi kusa.

"Da ka tambaya, ai da na ba ka hannun," in ji Hedimasta daga bakin ƙofa. "Mai kyaun ma."

Sufeto ya ce sata laifi ɗaya ce, kuma mai kaya yana iya yafewa. Amma mutum ya kwana a kan siminti, aikinsa na shekara goma sha huɗu ya kusa tafiya saboda shaidar ƙarya da Ciyaman ya sa wa hannu, wannan sai a gaban alƙali. Ya bar shi ya sa riga, Saje ta tasa ƙeyarsa zuwa mota, masu haya na leƙe ta tagogi.

Biyar saura kwata Sufeto ya kira manajan da kansa. Ya gaya masa cewa ma'aikacinsa ba ɓarawo ba ne, shi ne ma ya kamo ɓarawon, kuma rahoton zai iso a rubuce da hatimi. Injiniya na tsaye yana ji, ya juya ya fuskanci bango yana goge ido da hannun riga, wai yana duba akwatin. Daɗi ya kama Sufeto har bai iya ɓoyewa ba.

Injiniya bai tafi ba sai da ya mayar da wayar, ya jona na'urar, ya canja lambar sirri, ya roƙi Hedimasta da girman Allah ya daina rabawa. Nas ta gwada wayarta, hoto ya buɗe kafin ta ƙifta ido. Ta ce ta janye maganarta a kan kamfanin, rabi dai.

Hedimasta ya lanƙwasa yatsunsa a kan hannun gem ɗinsa, ya miƙa wa Sufeto ɗayan. Sufeto ya ce shi ba ya wasan yara. Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, ya dawo ya zauna a gefen kujera ya ajiye hularsa.

"Wanne ake dannawa a buga?"

Bai san an ba shi mai maƙalewa ba. Uku da nema tsohon ya yi masa, cinsa na farko tun da aka sayo na'urar, kuma ranar bai ga laifin alƙalin wasa ba ko kaɗan.