Motar da Misnadin Ya Sayar wa Ƙanwarsa

Rana ta yi ja a kan gonakin gishiri, ladan bai kira magariba ba tukuna. Marhamah tana durƙushe a bakin murhu tana juya shinkafa da masara. 'Yarta Holila tana kwashe kifin da aka shanya a tsakar gida. Mijinta Sahrawi kuwa yana kwance ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani, kamar yadda aka saba ganinsa kowace yamma tun da motar nan ta shigo gidan.

Sai dutse ya faɗo a kan rufin madafa.

Marhamah ta fito da muciya a hannu tana zagin yaran maƙwabta, amma ba yaro ko ɗaya a bayan danga. Wani dutsen ya sake faɗowa, ya gangaro a hankali ya tsaya a gaban ƙafarta. Ta ɗauka ta duba. Tsakuwar titi ce, da kwalta a jikinta, da ɗumi kamar an ciro ta daga toka. Gidansu kuwa ya yi nisa da kwalta.

Kaji suka shige akurki da kansu. Daga nan aka ji kukan kyanwa, siriri, daga cikin motar, alhali gilasanta duk a rufe suke. Sahrawi ya buɗe ƙofofin ya haska ko'ina, bai ga komai ba sai tsummansa da jarkar ruwa.

Ga yadda motar ta zo gidan. Sahrawi masunci ne, har ciwon baya ya raba shi da teku. Misnadin, yayan Marhamah uwa ɗaya uba ɗaya, bakanike ne mai gareji a bakin hanyar garin Sumenep. Shi ya rene ta bayan rasuwar iyayensu, shi ya aurar da ita, ba ta taɓa tsallake maganarsa ba. Wata rana ya zo ya ce zai rabu da motarsa mai ɗaukar mutum takwas, kuma ya rasa wanda ya fi cancanta sai su. Tsohuwa ce, in ji shi, amma tsohuwar da aka riƙe da amana. Sahrawi zai riƙa kai mata 'yan kasuwa gari ya dawo da su, gida ya tsaya da ƙafarsa.

Marhamah ta sayar da gonar tabar da ta gada, ta ba shi kuɗin. Ba ta yi ciniki ba, don ba a ciniki da wanda ya goye ka. Aka wanke motar da ruwan furanni, aka dafa shinkafa mai kurkum aka raba wa maƙwabta, yadda ake yi wa duk abin hawa da ya shigo gida. Misnadin bai zo cin shinkafar ba. Ya aiko cewa aiki ya yi masa yawa.

Ba a daɗe ba lagireto ya fara yoyo. Aka gyara, birki ya saki. Aka gyara, giya ta ƙi shiga ana tsakar hawan tudu, mata suka sauka da kwandunansu suna tura mota suna yi wa Sahrawi tsiya, wai su ne suka biya shi ko shi ne zai biya su. Kowane gyara garejin Misnadin ake kai ta. Kowane gyara sai ya dafa ƙirji ya ce kuɗin kaya kawai zai karɓa, aikin hannunsa kyauta ne. Kuɗin kayan nan ya cinye awarwaron zinaren Marhamah ɗaya bayan ɗaya, har hannunta ya koma ba ya ƙara idan tana daka. Sahrawi ya taɓa cewa a gwada wani bakanike. Ta yini ba ta yi masa magana ba.

Jifan bai tsaya a yammar farko ba. Da rana gida lafiya lau, amma da zarar inuwar danga ta taɓa tayar mota sai a fara. Wata yamma motar ta yi ham da kanta, dogo, alhali batir ɗinta yana ɗaki an cire shi. Wata yamma aka ji muryar mace tana rarrashi a kujerar baya, irin rarrashin da ake yi wa jariri mai zazzaɓi. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. Matan kasuwa suka koma shiga motar wani.

Holila ce ta fara sauyawa. Yarinya ce mai surutu, sai ta yi shiru. Ta daina cin shinkafa, sai ɗanyen kifi da take ɗauka a ɓoye. Uwarta ta kan neme ta ta rasa, sai ta same ta zaune a bayan motar, hannuwanta naɗe a ƙirji kamar mai rungume da wani abu. Wuyanta ya zama kamar sillen kara. Da aka yi wa Misnadin aike, ya zo ya tsaya daga bakin danga, ya ce ai dama ya yi zargi, motar da ke cin kuɗi haka ba a banza ba, akwai hannun mutanen ɓoye. Ya ce a sayar da abin wuyan zinaren da ya rage wa Marhamah a sake injin gaba ɗaya, wataƙila a cikin tsohon injin abin yake zaune. Marhamah ta amsa da to.

Kafin ta kai ga mai sayen zinare, Holila ta faɗi. Ana kiran magariba ta ƙwalla ƙara ta sandare, ta fara gurnani da wata murya da ba tata ba. Maza uku suka kasa danne ta. Sahrawi ya ari babur ya tafi ya ɗauko Kiyai Munasir, tsohon malamin da ke da makarantar allo a bayan masallacin Juma'a. Marhamah kuwa ta aika a kira yayanta, don ba ta san yadda ake shiga tashin hankali ba tare da shi ba. Ya so ya tsaya a waje, ta ja hannunsa ta shigar da shi ɗaki.

Kiyai ya zauna a gefen tabarma bai yi gaggawa ba. Ya sa aka kawo ruwa a kwano, ya riƙe babban yatsan yarinyar, ya fara karatu ƙasa ƙasa. Fitila tana rawa ba iska. Ya daɗe yana karatu kafin Holila ta buɗe ido, ta dube shi da idon da ya tsufa fiye da nasa.

Ya tambaye ta ko wace ce. Muryar ta ce sunanta ba zai amfane shi ba. Mazauninta gindin tsamiyar da ke kwanar gonakin gishiri, kuma ta riga kakansa zuwa wurin.

"To me ya haɗa ki da 'yar mutane?"

"Me ya haɗa mutane da ɗana? Ya fito shan iska da rigar kyanwa, ƙarfen nan ya bi ta kansa. Mai tuƙi ya tsaya. Ya leƙo, ya gani, ya ja motarsa ya tafi."

Kowa a ɗakin ya sunkuyar da kai. Ko yaron da bai yi kaciya ba ya sani, direban da ya take kyanwa sai ya sauka, ya tuɓe rigar jikinsa ya naɗe ta, ya haƙa rami ya binne. Ko sabuwar rigar Salla ce a jikinsa, ko daurin aurensa za shi. Wanda ya wuce ya bar ta a kwalta ya ɗauko wa kansa abin da zai bi shi har gida.

Muryar ta ce ɗa a bakin ɗa, yarinyar nan za ta tafi da ita. Kiyai ya ce ba za ta tafi da ko gashin kanta ba, ya ɗaga murya da karatu har jikin Holila ya riƙa makyarkyata. Sai muryar ta sauko ta ce a yanka mata baƙin akuya a gindin tsamiya. Ya ce ba a zubar da jini don wanin Allah, ta nemi abin da zai yiwu ko ta ƙone a inda take. Can ta ce, da muryar da ta karye, a rufe mata ɗanta. Ƙasusuwansa suna cikin kwata, ruwan sama yana dukansu. A naɗe su a rigar mai tuƙi.

Kiyai ya ce wannan kam ba laifi, suturta halittar Allah ne.

Sahrawi ya fara ɓalle maɓallin rigarsa, hawaye na zuba. Shi dai bai tuna ya take komai ba, amma mai tuƙi da asuba ba ya rantsuwa. Sai muryar ta yi wata busasshiyar dariya.

"Mayar da tsummanka, mai ƙarnin kifi. Ba kai ba ne. Wanda nake nufi baƙin mai yake wari, ga shi can yana neman ƙofa."

Marhamah ta juya. Yayanta yana jingine da bango, hannunsa a kan sakata.

Muryar ba ta tsaya ba. Ta ce gidansa ta fara zuwa, rufinsa ta fara jifa, autansa ta fara taɓawa. Da ya ga yaron ya soma ramewa, sai ya wanke motar ya shafa mata fenti ya kawo nan, ita kuwa inda jinin ɗanta yake nan take bi. Kiyai ya tambaye ta dalilin da ya sa take lalata musu abin neman abinci.

"Akwalar nan? Ina ruwana da ƙarfe? Ina zaune a baya ina kallo ya ɗura garin katako a giya don ta yi shiru ranar ciniki. Ina kallo yake kwance abu ya wanke da fetur ya mayar, ya ce sabo ya sayo. Mu ma muna da kunya, malam."

Kiyai ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Ya ce aljani maƙaryaci ne, ba a kama ɗan Adam da bakinsa, kuma shi ba zai bari a raba zumunci a kan maganar wanda ba a gani ba. Ya dubi Misnadin ya ce shi ne zai faɗa. In ƙarya ce, ga Alƙur'ani, ya dafa, a ci gaba da karatu har ta ƙone.

Marhamah ta matsa kusa da yayanta. "Yaya, dafa mana," in ji ta. "Dafa, ka kunyata ta."

Misnadin ya dubi littafin, ya dubi yarinyar da ke kwance, bai miƙa hannu ba. Da ya buɗe baki, cewa ya yi ranar sabuwar riga ce a jikinsa, za shi gaban manya, kuma ya yi niyyar komawa. Ya ce yaronsa ƙarami ne, ba shi da ƙwari, ya ɗauka Holila babba ce, abin ba zai kama ta ba. Ya ce kuɗin gyara kuwa a zauna a yi magana, ai duk gida ne.

Marhamah ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta miƙa hannu kawai ta ce ya tuɓe. Ya ce ba wannan ce rigar ba, waccan tana gida. Muryar ta ce kowace ce, muddin guminsa na jiki. A gaban maƙwabta da surukinsa, dattijo mai furfura ya cire riga ya tsaya da tumbi a waje.

Kiyai ya tafi da shi da Sahrawi gindin tsamiya da fitila. A cikin kwata suka tarar da 'yan ƙasusuwa farare, ba su cika tafin hannu ba. Misnadin ya haƙa ramin da hannunsa. A daidai lokacin, a gida, Holila ta yi atishawa, ta ja dogon numfashi, muryar ta yi sallama can nesa kamar daga ƙasan rijiya. Yarinyar ta dubi uwarta ta ce yunwa take ji, ko akwai sauran shinkafa.

Daga ranar ba a ƙara jifa ba. Holila ta mayar da jikinta sannu a hankali, surutunta ya dawo. Motar kuwa ba abin da ya sauya mata. Da safe Sahrawi ya murza makulli, ta yi tari ta mutu, kamar jiya. Wani bakanike daga gari ya zo ya buɗe ta, ya tsoma yatsa a giya ya fito da garin katako baƙi ƙirin, ya ce gyaranta ya fi kuɗinta. Masu sayen tsohon ƙarfe suka ja ta. Abin da suka bayar bai sayi ko kusurwar gonar taba ba. Marhamah ta shiga aikin kwasar gishiri a gonar wasu, da rana a ka, a shekarun da sa'o'inta ke zaune suna wasa da jikoki.

Da ƙaramar Salla ta zo, lokacin da kowa ke bin dangi yana neman gafara, Misnadin ya zo da kwalin biskit, sanye da sabuwar riga. Ya nufi ƙofar madafa kai tsaye, inda ya saba shiga ya buɗe tukunya da kansa. Ya tarar da Marhamah tsaye a bakin ƙofar. Ya ce ta yafe masa, na fili da na ɓoye. Ta ce ta yafe, tunda Allah ya ce a yafe.

Sannan ta kira Holila. A gidajenmu ɗan'uwa ne ke shiga ciki. Namijin da ba dangi ba, a ɗan masallacin tsakar gida ake saukar da shi, nan zai sha abin da zai sha ya tafi.

"Kai tabarma masallaci," in ji ta, "ki ɗauko kofin da muke ajiye wa baƙi. Ki gaya wa babanki ya yi baƙo."