Wurin Wasan Ruwa na Haladu

Na ga abubuwan al'ajabi a Jimeta, har ɗan maraƙi mai ƙafa biyar na gani, amma ban taɓa ganin hassada ta cinye mutum kamar Haladu mai aikin famfo ba.

Shi da Nwachukwu wurin maigida ɗaya suka koyi sana'a. Nwachukwu ya buɗe shagon bututu, ya sayi mota, yana kai 'ya'yansa makaranta da ita. Haladu kuwa yana nan da tsohon babur. In motar ta wuce, sai abinci ya fita ransa.

A shekarar da mutanen Mubi suka gudo suka cika Yola, hukuma ta ce za a gina wa yara wurin wasan ruwa a wani lambun shaƙatawa a bayan unguwar Karewa, wanda ya gina shi kuma shi zai riƙa karɓar kuɗin ƙofa. Kowa ya ce aikin na Nwachukwu ne. Sai Haladu ya haye gada, ya wuce Sangere, ya nemi wani boka a bakin kogin Binuwai.

Da tsakar rana ya isa, amma cikin bukkar sanyi kamar gindin rijiya. Ƙasa a jiƙe take, babu ko ɗigon ruwan sama. An rataye kawunan kifi a jikin igiya, ga wata tukunya baƙa cike da ruwa tana motsi ba mai taɓa ta. A gefenta an jera takalman yara, kowanne wari ɗaya.

Boka ya ce aikin zai samu, har da abin da ya fi aikin. Ya ba shi ƙoƙon yashin kogi, ya ce ya kwaɓa da simintin daɓen.

"Me zan bayar?" in ji Haladu.

"Kai ba ka ba da komai. Aljanin ruwan nan kaɗaici ke damunsa, abokan wasa yake so."

"Ban da nawa."

"Ba ya zaɓe. Duk yaron da ya taka ruwan ba a biya masa kuɗin ƙofa ba, nasa ne."

Haladu ya tuna yaran 'yan gudun hijira masu tsallake katanga. Ya tuna 'ya'yan Nwachukwu. Ya ce ya yarda.

Aiki kuwa ya yi kyau, ba zan rage masa ba. Ya yi daɓe mai kaushi don kada yara su zame, ya karkata shi zuwa magudana a tsakiya, ruwan bai wuce idon sawu ba. Ya gina giwar siminti tana feshi da hanci, da kifaye masu tofar da ruwa. Jama'a suka yi ta tururuwa. Haladu ya sayi mota da ta fi ta Nwachukwu, ya gina bene a unguwar Damilu.

Ranar Sallah ya tare Nwachukwu a ƙofa yana murmushi, ya ce yaransa su shiga kyauta. Nwachukwu ya yi dariya, ya ce, "Oga Haladu, kasuwa ba ta san aboki ba." Ya biya, suka shiga, suka fito lafiya.

A gida kuwa Haladu ya kafa doka: 'ya'yansa Naziha da Mu'tasim kada su kusanci lambun. Bai faɗi dalili ba. Yaran suna ganin 'ya'yan maƙwabta suna dawowa jiƙe-jiƙe suna ba da labarin giwa, su kuma da ubansu ya gina ta ba su taɓa ganinta ba. Naziha ta daina cin abinci. Uwarsu Mairo ta kasa jurewa. Ranar da Haladu ya tafi Numan duba wani aiki, ta ɗauke su a keke-napep.

Ta miƙa kuɗi a ƙofa. Bobboyi mai gadi, dattijon Bafulatani mai kunya, ya janye hannunsa kamar an miƙo masa garwashi. Ya ce da wane ido zai dubi maigida in ya karɓi kuɗi a hannun iyalinsa? Ta nace, ya rantse. Yaran suka ruga cikin ruwa.

Da la'asar aka tarar da Naziha a gida kwance ba rai a kan busasshiyar tabarma, ruwa na kwarara daga hancinta, bakinta cike da yashin kogi. Haladu ya dawo ya ji abin da Bobboyi ya yi. Ya rungume Mu'tasim, ya sa aka zubar da randuna, aka rufe famfo. Washegari yaron yana kan cinyarsa ya ɗaga kai ya ce, "Baba, Naziha na kirana, ta ce ruwan ba zurfi." Ya shaƙe, ya mutu a hannun ubansa.

Mairo ta haukace. Har yau in ta ga yaro a titi sai ta bi shi tana cusa masa kuɗi a hannu. An rufe lambun, bene ya tsage tun daga tushe, ruwa na tsattsafowa ta bango ko da rani. Haladu yana kwana a tashar mota, leɓensa a fashe, in an ba shi kofin ruwa sai ya leƙa ciki ya yi ta kiran sunaye biyu.

Kai da kake kallon motar maƙwabcinka zuciyarka na tafasa, ka ji tsoron Allah. Boka ba ya ba da kyauta, kuma ramin da ka haƙa wa ɗan wani, ɗanka ya fi kowa sanin hanyarsa.