Gidan da Babu Ƙararrawa

"Hazim... fim ɗin dambe ka sayo mana tikitinsa?"

Da ƙyar maganar ta fito daga bakina. Muna tsaye a ƙofar silima bayan la'asar, ga ƙaton hoton wasu tsofaffi biyu masu tumbi sanye da safar dambe. Shi kuwa bawan Allah sai washe baki yake, wai ya yi dabara. Ai Babana tsohon zakaran damben birninmu Iskandariyya ne, fim ɗin kuma na ban dariya ne. So yake ya burge surukinsa kafin ranar Alhamis da za su zo gidanmu a karanta mana Fatihar baiko.

Na roƙe shi mu canza wani fim.

"Haba Rihab, hasken idona, dubi fuskar Kyaftin mana."

Na duba. Baba, wanda kowa ke kira Kyaftin, ya ƙura wa hoton ido yana murmushin da na daɗe ban gani ba. A gefensa Hajja Insaf ce, mahaifiyar Hazim, ta rungume jaka tana ƙare mini kallo. Sai na haɗiye maganata.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa Hazim ba. Naushin da Baba ya sha da ƙuruciya ya taɓa masa kai. Hira lafiya, salla lafiya, amma da ya ji ƙararrawa sai ya koma fage. Zai miƙe ya dunƙule hannu, ba ya gane kowa, har sai an ɗaga hannunsa sama an ce shi ya ci. Mama ce ke yi masa kafin ta rasu, yanzu ni ce, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Shi ya sa ba ma bin titin da taragon cikin gari ke wucewa yana kaɗa ƙararrawa, gidanmu kuma babu ƙararrawa. Zuwan Hajja Insaf na farko sai da ta ƙwanƙwasa har yatsunta suka yi zafi, ta shigo tana habaicin wasu mutane da maƙo ya hana su sa ƙararrawa. Kuma ita ce ta rushe baikon yayan Hazim don kawai ta ji akwai farfaɗiya a dangin yarinyar. Tsoron rasa Hazim ne ya ɗaure mini baki.

Aka fara fim. Silima ta cika maƙil, ana ta ɓare 'ya'yan kankana ana sheƙa dariya. Wannan tsoho haƙoran robarsa sun faɗi, wancan wandonsa ya zame. Wani daga baya ya ce tsoho ya je ya sha maganin hawan jini tukuna. Har Baba na dariya, yana gaya wa Hazim ba haka ake tsayuwa ba. Ni kuwa addu'a kawai nake.

Sai tsofaffin suka hau fage. Aka buga ƙararrawa.

Baba ya miƙe zumbur. Kafin in kama rigarsa ya fita tsakanin kujeru, ya sunkuyar da kai, ya kare fuska da hannu biyu, yana kai wa iska naushi. Inuwarsa ta hau kan allon majigi. Mutane suka ɗauka raha ce, wuri ya kaure da shewa.

"Sai Kyaftin! Ba shi a tumbi!"

Mai haska wa mutane kujera ya matso da tocilansa zai zaunar da shi. Baba ya kai masa na hagu. Allah Ya sa ya goce, tocilan ce ta tashi sama ta tarwatse a ƙasa.

Dariyar ta ɗauke ɗif. Aka tsayar da fim, aka kunna fitilu, kowa ya ga idon Baba: ba ya tare da mu. Yana haki, gumi na zuba, ƙafafunsa na rawa, amma ya ƙi sauke hannu. Wata mata ta janye ɗanta tana salati. Wanda ya ce a ba shi a tumbi ya rufe bakinsa da hannu. Hajja Insaf ta daskare a kujera, baki buɗe.

Na san in aka bar shi zai yi ta yi har ya faɗi. Na je na kama hannunsa na dama, na buɗe baki, muryata ta ƙi fita.

Sai na ji wani hannu a kan nawa. Hazim ne, fuskarsa ta yi fari fat.

"Me ake yi? Gaya mini."

Na raɗa masa. Ya ɗaga hannun Baba sama, ya buɗe murya har tana fashewa:

"Wanda ya yi nasara... Kyaftin Abdulgani!"

Can wani dattijo ya miƙe yana tafi a hankali, sai na kusa da shi, sai silima gaba ɗaya, wasu suna share ido. Baba ya sauke kafaɗa, ya dube ni ya ce, "'Yata, an gama?" Na ce an gama, Baba, kai ka ci.

A waje Hazim ya riƙe Baba suka yi gaba. Hajja Insaf ta tsaya a gabana, ni kuwa na sunkuyar da kai ina jiran hukunci.

"Tun yaushe?"

Na ce tun kafin Mama ta rasu.

"Kuma ke kaɗai kike ɗaga hannun nan?"

Na gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta gyara jakarta, ta ƙwala wa ɗanta kira da muryar nan tata mai kaushi.

"Hazim! Ranar Juma'a Kyaftin zai ci abincin rana a gidanmu, washegarin Fatiha. Da mun koma ka cire mini ƙararrawar ƙofar nan. Duk mai son ganinmu ya ƙwanƙwasa."