Kiɗa a Ranar Makoki

Sisiliya na tsakar gida tana tankaɗe garin dawa lokacin da mahaifinta, Katikis Gajere, mai jagorantar addu'a a cocinsu, ya shigo ɗauke da gangar coci. Ya naɗe ta a tsohon zane ya tura ƙarƙashin gado, ya koma ya ɗauko tulun da matan zumunta ke kaɗawa, shi ma ya kife shi a lungu.

Haka ake yi duk shekara a ɗan cocinsu na Katolika da ke wani ƙauye bayan Ƙofa. Daga yammacin Alhamis har zuwa Ista ba a kaɗa komai, ko ƙararrawa ba a taɓawa, domin makokin mutuwar Yesu ake yi.

"Inna, mi ya sami Baba? Tun safe fuskarsa a ɗaure."

Inna Rabi ta dube ta. "Ki tambayi mutuminki. An gan shi ya taho daga Kankiya da akwatin kiɗan nan nasa a bayan kabu-kabu."

Filibus malamin firamare ne a Kusada. Tun da ya dawo daga karatu a Kaduna da kibod ɗinsa, coci ya rabu biyu. Matasa na son sababbin waƙoƙi masu tashi, dattawa kuwa sun ce ganga da tulu suka gada, da su za su mutu. Kuma Katikis ne ke karanta sanarwar aure, wadda sai an yi ta Lahadi uku kafin Fada, limamin coci, ya ɗaura. An karanta ta Sisiliya da Filibus sau biyu. Saura ɗaya.

Da la'asar Filibus ya zo ƙofar gida yana murmushinsa mai kashe mata jiki.

"Don Allah kada ka kai abin nan coci gobe," ta ce.

"Haba Sisi, ba fa disko zan buga ba. A hankali zan bi waƙar, ki ga yadda mutane za su yi hawaye. Idan Baba ya ji da kunnensa, gardama ta ƙare."

"Ba a kiɗa gobe, Filibus. Ko ganga Baba ya ɓoye."

"Tsohon yayi ne. Ke dai ki saurara."

Juma'a ta zo da zafi mai nauyi, ko ganye ba ya motsi. Ƙarfe uku mutane suka jeru ba takalmi, kowa na zuwa ya durƙusa ya sumbaci gicciye. Tsofaffi suka ɗauko waƙar makoki da baki kawai, murya can ƙasa. Sai wani sauti ya taso daga bayan coci, mai taushi, mai daɗi.

Waƙar ta mutu a bakin tsofaffin. Wata tsohuwa da ke durƙushe ta miƙe ba ta sumbaci gicciyen ba. Kibod ya ci gaba shi kaɗai na ɗan lokaci, sannan shi ma ya yi shiru. Katikis Gajere bai waiwaya ba. Ya ƙarasa addu'a.

A waje ya kira Filibus gaban jama'a.

"Malam, ran da aka binne mahaifinka, wa ya yi kiɗa?"

"Ba kowa, Baba."

"To yau Ubangijinmu ke kwance. Ba zan karanta sanarwa ta uku ba. Wanda bai san ranar shiru ba, ban ba shi ɗiyata."

Ranar Ista aka fito da ganga, amma rabin bencinan matasa babu kowa. Aka fara raɗe-raɗin matasan za su koma wani sabon coci a Kankiya. Sisiliya ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ran Talata Filibus ya tare ta a hanyar rijiya.

"Ki zo mu bi su. Can ba mai tambayar sanarwa, sati biyu an ɗaura."

"In haye kan Baba in shiga ɗakinka? Ina sonka, Allah ya sani. Amma in ka tahi, yaran nan duk za su bi ka, a bar tsofaffi su kaɗai, a ce ni ce sila. Ka zo ka ba shi haƙuri."

Kwana uku bai zo ba. A na huɗu ya yi sallama, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Katikis ya daɗe yana kallonsa.

"Shirun da ka hana mu, shi za ka yi. Lahadi bakwai, har idin Fentikos. Ka zauna bencin baya, ba kiɗa, ba waƙa. Bayan nan in ga abin da zuciyata ta ce. Ban yi maka alkawari ba."

Haka Filibus ya zauna, coci na rawa da murnar Ista, shi bakinsa a rufe. Abokansa suka riƙa tsokanarsa: "Sarkin kiɗa, an cire maka batir ne?" Da matasan suka ga jagoransu bai tafi ba, sai suka fara dawowa da ɗaya ɗaya. A Lahadi ta biyar Sisiliya ta hango leɓensa na motsi, yana bin tsofaffin waƙoƙin a zuci. Amma mahaifinta ko sau ɗaya bai dubi bencin baya ba, har ta fara fitar da rai.

Ran Fentikos aka idar da addu'a, Katikis ya rufe littafinsa kamar zai sauka. Sisiliya ta sunkuyar da kai. Sai ta ji ya gyara murya.

"Filibus da Sisiliya na neman aure. Wannan ce sanarwa ta uku." Ya ɗan tsaya. "Malam, mako mai zuwa ka zo da akwatinka. Amma tulu ne gaba, kai kana biye."

Inna Rabi ta rangaɗa guɗa a cikin coci, abin da ba ta taɓa yi ba.

Sabon abu ba laifi ba ne, amma mai kawo shi sai ya fara sanin abin da ya tarar da dalilinsa. Da Sisiliya ta bi gaggawa, da ta sami miji ta rasa uba. Haƙurinta ne ya bar mata su duka biyu.