Shekarar da Muka Kulle Ƙofa a Bardoli

A shekarar da muka ƙi biyan harajin Turawa, wata uku muka yi a kulle tare da baunarmu ta gida, wadda muke tatsa, a ɗaki ɗaya, don wanda ya buɗe ƙofa 'yan ƙwacen gwamnati suka ja masa dabba ta tafi ke nan. Warin kashin bai dame ni ba. Rashin tsegumi ne ya kusa kashe ni.

Wani dare mijina Morar yana minshari, aka ƙwanƙwasa a hankali.

"Jamna, buɗe. Ni ce Kanku, maƙwabciyarki. Na gano munafukin da ya biya a ɓoye."

Jama'a, har yawuna ya tsinke!

"Ke Kanku, bakinki ba ya barci? Wane ne?"

"Sai a kunne. Buɗe mana, matsoraciya, ai ba sa ƙwace da dare."

Na kama sakata. Sanyinta ya cije min yatsu, alhali muna tsakiyar bazara. Baunar ta daina tuƙa, ta manne da bango tana rawar jiki. Warin jiƙaƙƙiyar toka ya shigo, irin na bakin kogi inda ake ƙona gawa.

"Jamna, buɗe. Ni ce Kanku, maƙwabciyarki."

Sak yadda ta faɗa da farko, babu ko jan numfashi.

Na durƙusa na leƙa ta ƙasan ƙofa. Ga mundayen ƙafar Kanku na azurfa a farin wata. Amma ƙafafun a murɗe suke, gabansu ya koma baya: dugadugai ne ke fuskantar ƙofata, yatsun suna kallon hanya.

Sai muryar ta sauko daidai kunnena: "Kin gani?"