Tarin da ke Cikin Dutsen Nakkasa

Dab da magariba Hure ta hau tudun Nakkasa, tsohuwar unguwar Hausawa a birni mai tsarki, ɗauko turmin mahaifiyarta, don da safe katafila za ta iso ta rushe gidansu. Ɗanta Nawaf ya tsaya a mota a gindin tudun.

A hanya ya ba ta wani labari da ya karanta. Wai baƙaƙen fatar Amurka suna da gwarzo mai fasa dutse a hanyar jirgin ƙasa, wanda ya yi tsere da inji ya ci. "Ashe, Ummi, wani mai bincike ya ce fursuna ne, ɗan tsurut. Ƙurar dutse ta kashe shi. Anya labarin Kaka ba haka yake ba?"

Hure ta daka masa tsawa. Wa bai san ubanta ba, Hashimu mai guduma? Ya riga injin kamfani huda dutse, ya faɗi matacce yana dariya. Haka aka gaya mata tun tana ƙarama.

Unguwar ta zama kufai. An yanke wuta. Sai warin siminti da fitsarin kuliyoyi. Ta tura ƙofar ɗakin baya, wanda bangonsa dutsen ne kansa. Ga turmin a lungu.

Ta sunkuya.

Ƙwas.

Ta saurara. Ƙwas. Ƙarfe a kan dutse. Ba daga waje ba, daga cikin bangon.

Sai tari ya biyo baya, busasshe, mai tsawo. Wani ya amsa. Wani kuma. Maza da yawa suna tari a cikin dutse.

Farar ƙura ta fara tsiyayowa daga wata tsaga. Ta taru, ta miƙe tsaye. Gajeren mutum, ramamme, haƙarƙari a waje.

"Hure," ya raɗa.

Ba ta ja baya ba.

"Matattu ba sa dawowa. Kai aljani ne, ka ari muryar ubana."

"Gidanmu suka huda. A idonmu aka yi komai."

"To faɗi."

"Ba a yi tsere ba. An kama su ubanki babu iƙama, takardar izinin zama, wani ɗan kwangila ya kwashe su. Inji ya fasa, a tura su cikin ƙura su kwashe. Babu wanda ya yi dariya."

Ƙofar ta rufe kanta.

"Wanda ya ji, da mu yake zama."

"Ƙarya kake," in ji Hure. "Zan fita, kuma zan faɗa."

Ƙurar ta auka mata. Hanci. Baki. Maƙogwaro.

Ta fara Ayatul Kursiyyu, murya ta ƙi. Ta ci gaba a zuci.

Ta rungumo turmin, ta maka wa ƙofar. Sau ɗaya. Sau biyu.

A na uku katakon ya tsage.

Ta faɗa waje da rarrafe. Rufin ɗakin ya rufta a bayanta, daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya.

Nawaf ya same ta fara fat, kamar an tsamo ta daga buhun fulawa.

Sati uku ta yi tana tari, muryarta kuma ba ta sake washewa ba. A wata walima a unguwar Zahir, tsoho Dauda, abokin mahaifinta, ya tara jikoki ya soma: "Ranar da Hashimu ya kayar da inji..."

Hure ta ɗaga labulen da ya raba maza da mata.

"Baba Dauda, ka ji tsoron Allah."

Mata na jan gefen abayarta, ta fizge. Tsohon ya ajiye kofin shayinsa.

"Ni na yi wa gawarsa wanka," ya ce a hankali. "Da hannu ɗaya na ɗaga shi."

Hure ta zauna a gabansa.

"To fara daga nan. Da ƙarfi. Ka faɗa da Hausa, ka maimaita da Larabci, yaran nan su ji."