Yarinyar da Duhu Ke Yi wa Magani

Tun safe take tsaye a shagon gyaran gashin matar kawunta, riƙe da madubi, cikinta ba ko loma, fitilar sama na ta ƙiftawa. 'Yar Shiru ake ce mata, marainiya ce mai shekara tara, iyayenta ba su bar mata kowa ba sai ƙaramin ƙaninta. Sai abin ya sake zuwa! Wani zare mai walƙiya ya fara rawa a gefen idonta, kan matar da ake yi wa kitso ya koma kamar lemo, hannunta kuwa ya yi ta tsawo har bakin ƙofa...

"Wayyo Anti, kanta ya ƙanƙance!" Madubin ya suɓuce ya tarwatse.

Matar ta zari gyalenta ta fice tana a'uziyya. Anti ta ɗauke yarinyar da mari. "Mayya! Kin lashe uwarki, yanzu kin dawo kan masu kawo min aiki?" Ta zane ta, ta kulle ta a ɗakin ajiya. Can kanta ya ɗau sara kamar zai rabe biyu, ta yi amai, ta kira sunan Allah, har duhun ya lallashe ta barci ya ɗauke ta. Ashe wannan ma laifi ne! "Kun gani ko?" in ji Anti ga maƙwabta. "Wane ɗan mutum ne duhu ke yi wa magani?" Aka janye yara daga jikinta, aka ware mata kofi. Anti ta rantse da zarar Kawu ya dawo daga tuƙin babbar motarsa za a kai ta inda ba a dawowa, yaron kuma ya zauna, kada ta cinye shi.

Ranar da ya dawo yarinyar ta zube a gabansa, hawaye shaɓe-shaɓe. "Kawu, a dake ni kullum, na yarda... don Allah kada a raba ni da ƙanina!"

Kawu ya riga ya ji abin da ya faru a shago. "Me kike gani, 'yata?"

Ta faɗa masa. Sai ga hawaye a gemunsa. "Allahu akbar... haka mahaifiyarki take yi muna yara. Ni nake rufe mata taga."

Ya kai ta wurin likita. Likita ta ce ciwon ɓarin kai ne, yakan yi wa yara gizo a ido, yunwa da hasken da ke ƙiftawa na tayar da shi. Da ta ɗaga rigar yarinyar ta ga shatar bulala, sai ta dubi Kawu kawai.

A ƙofar shagon Kawu ya tona komai, ciwon yarinyar da dukan da Anti ke yi mata, kowa na ji. Mata suka ɗauke ƙafa, shago ya mutu, Anti ta ja akwatinta zuwa gidansu ba mai rakiya. Alhakin maraya ai ba ya kwana!

Ciwon yakan leƙo har yanzu. In ya zo, ƙanin ne ke jan labule, ya zauna a bakin ƙofa yana korar mutane: "Ku yi shiru, Yayata tana hutawa."